Ɗan Littafin Tambaya da Amsa Ya Toshe wa Ɗalibanmu Kunne



Yau zan taɓo wani abu da nake jin yana cikin jakar da yawanku. Ina nufin ƙananan littattafan nan na tambaya da amsa da ake bazawa a bakin makarantu da tashoshin mota idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso, da kuma 'yar uwarsu, notar nan da ke yawo a WhatsApp daga wayar wannan malami zuwa ta wancan, har ba a san wanda ya fara rubuta ta ba. A makarantunmu na nan kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, su ne suka zama littafin Hausa. Malami ya kwafa a allo, ɗalibi ya kwafa a takarda, ranar jarrabawa ya amayar da abin da ya haɗiya.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Suna da araha, suna shiga aljihu. A makarantar da ɗakin karatunta ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, ko banza yaro ya samu abin riƙewa. Malamin da ke da aji cike maƙil, ga shi an ƙara masa wani darasin da ba nasa ba saboda ƙarancin malamai, ba zan ga baƙinsa ba idan ya jingina da su. Kuma gaskiya ne wasu tambayoyin kan maimaitu, yaro kan tsinci maki. Matsalata da su ita ce sun ɗauki yaron da ya shekara 16 yana magana da Hausa, yana ciniki da ita, yana faɗa da ita, suna koya masa ita kamar bai taɓa jin ta ba.

Buɗe kowanne ka ga dama, ka je babin rukunan kalmomi. Za a ce maka aikatau kalma ce mai nuna aiki, a kawo misali uku, a wuce. Wannan ma'ana daga nahawun Turanci na firamare aka ɗebo ta, can ɗin ma ba ta gama biyan buƙata ba, balle a nan. To ka rubuta wa ɗalibi "Ladi ta yi barci", ka ce ya ja layi a ƙarƙashin aikatau. Zai ja a "barci", kuma bisa abin da ya haddace ba ka da bakin ce masa ya yi kuskure, don barci ai abu ne da ake aikatawa. Haka zai yi da "magana" da "dariya" da "tari", har da kalmar "aiki" kanta. Alhali duk sunaye ne. Da an bar shi da kunnensa, minti biyu ya isa. Ce masa ya sa "ya" a gaban kalmar ya ji. Ya tafi, ya zauna, ya ci, duk sun zauna daram. Ya barci fa? Ya magana? Ɗan aji ɗaya ma zai tuntsire da dariya ya ce, Malam ai sai dai "ya yi barci". Ka ga aikatau ɗin ya fito da kansa, wato "yi".

Haka sifa. Na sha ganin an jera "zafi" da "sanyi" da "nauyi" a layin sifa, wai don suna bayyana yadda abu yake. Sifar Hausa kuwa tana da alamarta: takan bi jinsi da adadin abin da take sifantawa. Dogo, doguwa, dogaye. Fari, fara, farare. Ina macen "zafi"? Ina jam'insa? Kuma kana cewa "dogon yaro", amma idan ka ce "zafin shayi" ba ka sifanta shayin ba, zafin kake magana a kai. Dole ka nemo "mai", ka ce "shayi mai zafi". Kowane ɗalibi ya san wannan a bakinsa. Littafin ne bai tambaye shi ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne babin tsarin sauti. Za a rubuta cewa karin sauti iri uku ne, na sama da na ƙasa da faɗau, wasali kuma akwai dogo akwai gajere. Ɗalibi ya haddace tsaf. Amma tun daga farkon darasin har ƙarshensa ba wanda ya buɗe baki ya furta kalma ɗaya. Darasin sauti ke nan ake yi shiru, ƙarar alli kaɗai ake ji. Shi ya sa idan aka ba yaro kalma a jarrabawa aka ce ya fitar da karinta, sai ya rufe ido ya canka.

Mu gwada tare, kai mai karatu, amma da sharaɗin ka furta a fili. Zan ninka wasali idan dogo ne, in sa 'yar alama mai gangarowa a kan gaɓa mai karin ƙasa, in bar mai karin sama haka nan.

Kalmar da muke rubutawa "fara" uku ce. Akwai faraa, macen fari. Akwai faaràa, kamar a "ya fara aiki". Akwai fàaraa, wadda ake soyawa a ci da yaji. Ta farko ta bambanta da sauran a tsayin wasali, biyun ƙarshe kuma tsayinsu ɗaya, kari ne ya raba su, ɗaya ta taso daga sama ta sauka, ɗaya ta taso daga ƙasa ta hau. "Gari" biyu ne, gàrii da ake zama a ciki, da gàarii da ake tuƙa tuwo da shi, kuma karinsu ɗaya sak, tsayin wasalin farko ne kawai. Mutanen Tudun Wada ma su lura: wàdaa ita ce yalwa, wàadaa kuma gajeren mutum. In ka ja wasalin nan ka canza wa gari suna.

Har nan wani zai ce ai wasan kalmomi ne, jimla za ta fayyace. To duba "ya zo". Audu yaa zo, labari ne, ya riga ya iso. Audu ne ya zo, an gajarce wasalin. Ka ce wa Audu yà zo, an gajarce kuma an sauke karin, ya zama umarni, Audu ko tasowa bai yi ba. Lokuta uku ke nan masu rubutu iri ɗaya. Ɗan littafin nan zai jera maka sunayensu, shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, na biyu, da umartau, ya rubuta "ya zo" a gaban kowanne, ya bar ka kana kallon abu ɗaya sau uku kana neman bambanci da ido. Bambancin a kunne yake.

Rubutunmu na boko ne ba ya nuna waɗannan abubuwa, kuma an daɗe a haka. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 ba a sa wa kari ko tsayin wasali alama ba. A Jamhuriyar Nijar an ɗan jima ana ninka dogon wasali bayan taron Bamako na 1966, amma da aka zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun ƙasashen biyu sai aka bar shi. Ni ban ce a dawo da shi a jarida da wasiƙa ba, mai harshe ba ya buƙata. Amma a darasin da sautin ne kansa ake nazari, wanda ya buga littafi bai nuna shi ba ya ci kuɗin mutane.

Abin mamaki, akwai kayan aiki a hannunmu kyauta. Kusan duk yaron da ke ajinmu ya bi ta makarantar allo ko Islamiyya. Ya san maddi. Ya san in ya gajarce abin da ake ja, Malam zai dawo da shi baya. Ajami ma da alif da wawu da ya'u yake nuna dogon wasali. Da zarar ka ce wa aji, "gàarii na tuwo yana da maddi, gàrii na zama ba shi da shi," an wuce wurin, har na bayan aji sun gane. Kari kuma, ka sa su rufe baki su furta kalmar ta hanci, sai baƙaƙe da wasula su ɓace, hawa da sauka kawai su rage. Abin da kalangu yake yi ke nan, shi ya sa ake jin abin da yake faɗa. Fito ma yana yi, amma ban ba da shawararsa ba, kada iyaye su zo su ce Malamin Hausa yana koya wa yara kiran aljanu.

Yanzu jinsi, wanda shi ne ya fi shafar mu a wannan yanki.

Ƙa'idar da notar nan take bayarwa ita ce duk sunan da ya ƙare da "a" mace ne, sauran kuma maza. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, mafi yawa haka suke. Amma yaro yana fita daga aji zai koma gida ya sha ruwa ya ci nama, kuma gida da ruwa da nama duk maza ne. Gidan Malam, ruwan sama, naman kaza. Sannan ga kalmomin da rubutunsu ɗaya, jinsinsu daban: wuyan riga amma wuyar aiki, kukan yaro amma kukar ƙofar gari. In ka furta za ka ji karinsu ma ba ɗaya ba ne, wuyàa da wùyaa, kuukaa da kuukàa. Ka ga babin sauti da babin jinsi, da littafin ya raba su da shafi ashirin, ashe maƙwabta ne.

Da za a tambaye ni littafin da ya fi dacewa da wannan darasi a yankinmu, sai in ce sunayen garuruwanmu. Ɗauki Kwanar Ɗangora, inda mai zuwa Jos yake barin titin Zariya. Me ya sa "Kwanar", alhali muna cewa "kwanan wata" da "kwanan gida"? Don kalmomi biyu ne. Kwaanaa na barci namiji ne, kwanàa ta hanya kuwa, wadda muka aro daga Turanci, mace ce. Kafin Maiyaƙi, kafi namiji, ya ɗauki "-n". Dajin Falgore, haka. Daɗin Kowa, haka. Doguwa kanta sifa ce, macen dogo, ta zama sunan gari. Je Bebeji ka ji yadda ake kiran madatsar ruwan nan: dam ɗin Tiga. Daga ina "ɗin" ta fito? Kalmar aro ce ta ƙare da baƙi, "-n" ba ta da wasalin da za ta maƙale, sai Hausa ta kawo "ɗin", kamar yadda ake cewa "fim ɗin jiya" da "kwas ɗin Hausa". Na duba irin waɗannan littattafai da dama ban ga wanda ya ko ambaci wannan ba, ga shi kullum a bakinmu. Ka sa kowane ɗalibi ya kawo sunayen ƙauyuka da unguwanni biyar na wajensu, a zuba a allo, a ware masu "-n" da masu "-r". Su da kansu za su fitar da ƙa'idar, kuma ba za su manta ba, don garinsu ne.

Daga nan sai ka jefa musu wadda ta fi wuya. Muna cewa "gwamnati ta ce", "Kano ce", "mace ce". Duk mata ne ke nan. To me ya sa muke cewa "gwamnatin tarayya" da "Kanon Dabo" da "macen kirki"? Amsar ita ce "-r" ba ta hawa sai kan sunan mace da ya ƙare da "a". In ya ƙare da wani wasalin, "-n" yake ɗauka ko da mace ne. Amma da ka ware mahaɗin ya tsaya da kansa, jinsin zai bayyana: Kano ta Dabo. Saboda haka "-n" kaɗai ba ta isa shaidar cewa suna namiji ne ba, sai ka gwada shi da "ne" ko "ce", da "ya" ko "ta". Ɗalibin da ya haddace cewa "-n" ta namiji ce, "-r" ta mace, ranar da aka tambaye shi jinsin "gwamnati" ya faɗi.

Ga kuma abin da ya sa na ce ya fi shafar mu. Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa duk sun yi iyaka da jihar Kaduna, Doguwa ma har da Bauchi. Mutanenmu suna cin kasuwa da mutanen Ikara da Saminaka, suna auratayya. Zazzaganci da Bausanci kuwa, kamar yadda masana karin harshe suka daɗe da bayyanawa, ba su cika raba jinsi a dirka da mahaɗi ba. Za ka ji "mace ne", "rigan Binta", "motan ya lalace". Za ka ji kuma "ya kai kuɗi ma Audu" a inda daidaitacciyar Hausa take cewa "ya kai wa Audu kuɗi". Ƙara da yaran Fulani da na Kurama da ke wajen Doguwa, waɗanda wasunsu Hausa ba ita ce ta cikin ɗaki ba. Yaro daga Riruwai ya rubuta "gonan babana", sai a zabga masa jan biro, ba bayani. Littafin da ke hannunsa ma bai san da zamansa ba, an rubuta shi ne kamar kowa a Fagge aka haife shi. Abin da yaron zai ɗauka shi ne Hausar gidansu gurɓatacciya ce, uwarsa da ubansa ba su iya magana ba. Daga ranar ya daina ɗaga hannu a aji. Wanda ya daina magana a ajin harshe kuwa, me ya rage masa?

Ba cewa nake a karɓi "gonan" a jarrabawa ba. Ba za a karɓa ba, kuma zalunci ne a ɓoye wa yaro hakan. Amma akwai bambanci tsakanin ka ce masa "ba ka iya ba" da ka ce masa "wannan ta gida ce, ga ta takarda". Raba allo biyu, gefe ɗaya yadda muke faɗa, gefe ɗaya yadda ake rubutawa. Kuma ka tabbata Bakanon ajin ma ya shiga layi, don shi ma "na ce mai" yake cewa a maimakon "na ce masa", "ya sai da shi" a maimakon "ya sayar da shi". An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, amma ba wanda aka haifa da ita, kowa koyon ta yake. In yaron Riruwai ya ga an gyara wa na birni, sai ransa ya yi sanyi. Sannan shi wanda karinsa ba ya raba jinsi yana buƙatar atisaye na musamman, kalma da mahaɗinta tare: gona, gonar, mota, motar, gida, gidan. Ma'anar "jinsi" da aka rubuta masa a layi biyu ba za ta yi masa komai ba.

Maganar ƙugiya ba zan ja ta ba, mun sha yi a wannan shafi. Amma abin kunya ne littafin da ke koyar da ƙa'idojin rubutu ya zo babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, ya bar ɗalibi yana laluben ko kura ake nufi ko ƙura, kafa ko ƙafa. Notar WhatsApp ta fi muni. Uzurin waya ya ƙare, Gboard yana da Hausa, ka ƙara ta a jerin harsuna, haruffan suna nan.

Wani zai ce, to Malam ka kushe wannan, me za mu karanta? Littattafan kirki suna nan, ba su ɓata ba. Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa M.A.Z. Sani, wanda ya fito a 1999, da Hausa aka rubuta shi, kuma ɗan sakandare mai himma zai iya bin sa. Malamin da Turanci bai dame shi ba ya nemi na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, wanda ya gina bayaninsa a kan gurbin da kalma take zama a cikin jimla, irin gwajin nan da muka yi da "ya barci". Kowace makaranta ya kamata a ce tana da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ko kwafi ɗaya ne a ofishin malamai. Ƙamusun Bargery na 1934 kuma an ɗora shi a intanet, yana nuna kari da tsayin wasali, yana kuma yawan faɗin yankin da ake amfani da kalma, abin da zai yi wa malamin kan iyaka irinmu rana. Kuɗin da ɗalibai goma za su kashe a kan ɗan littafin tasha, in sun haɗa, zai kai su wani wuri a sayen na kirki ɗaya su yi karɓa-karɓa. Sai dai in faɗa maka, ko littafin Sani ne, in aka kwafe shi a allo aka haddace ba a furta ba, ya koma nota.

Ku kuma ɗalibai masu shirin jarrabawa, ban ce ku ƙona naku ba. Ku yi amfani da tambayoyin, ku yi zargin amsoshin. Duk amsar da kuka gani, ku furta misalinta a fili, ku nemo misali biyu naku daga gida ko kasuwa, ku ga ko ƙa'idar ta riƙe su. In ba ta riƙe ba, ku kai wa malaminku. In ya ce haka yake a littafi, ku ce masa a bakinku ba haka yake ba, cikin ladabi dai.

Ga aikin gida. Garin shinkafar nan namu, don a bambanta shi da sauran Tudun Wada na Kaduna da Zariya da birnin Kano, akan haɗa shi da Ɗankadai. Za ku ga wasu sun rubuta Tudun Wadan Ɗankadai, wasu kuma Tudun Wadar Ɗankadai. Tudu namiji ne, wada mace ce, sunan gari kuma a Hausa mace ne, shi ya sa muke cewa "Tudun Wada ta cika". To mai cewa "Wadan" da me ya yi la'akari, mai cewa "Wadar" kuma da me? Ko kuwa karin harshen kan iyaka ne ya shigo? Kada ku duba littafi. Ku tambayi dattawa uku 'yan asalin garin yadda suke faɗa, ku rubuta daidai yadda kuka ji, sannan ku kawo hujjarku.